Mala'ikan da Na Bari a Rijiyar Ɗinya Biyu

Talata ce. Na tashi tun zakaran maƙwabciyarmu Inna Hajjo bai yi cara ta biyu ba, na hura wuta, na dama koko. 'Yata Monika tana da wata takwas, tana barci da yatsa a baki. Maigidana Bitrus yana zaune a ƙofar bukka yana wasa bakin diga da dutse. Wannan ƙarar ce ke tashina kowace safiya, kuma kullum sai na yi masa mita a kanta. Ran nan ma na yi.

Mu mutanen ƙasar Shendam ne, 'yan Katolika. Haƙar rijiya ce ta kawo Bitrus ƙasar Katagum, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama. Inda aka ce ya haƙa, nan muke kafa bukka, in ruwa ya fito mu naɗe tabarma mu yi gaba. A wannan kakar muna Ɗinya Biyu, wani ɗan ƙauye a dajin da ke tsakanin Gadau da Gamawa, tafiyar yini guda daga Azare. Kada ku wahalar da kanku wajen nemansa, yau babu shi. Gida bai fi goma sha biyu ba, wasu manoma, wasu masu shanu, duk Musulmi. Mu kaɗai ne Kirista, kuma ba wanda ya taɓa yi mana kallon banza. Fada kuwa, wato limamin cocinmu, sai sau biyu a shekara yake zuwa Azare daga Kano, mu taru a zauren wani akawu a yi Misa.

Wanda ba shi da coci kusa, sai ya riƙe abin da ya taho da shi daga gida. Ni abin da na taho da shi mala'ikana ne. Matar katikis, wato malamin cocinmu na gida, ta koya mana tun muna 'yan mata cewa kowane ɗan Adam, ranar da ya faɗo duniya, Allah yana ba shi mala'ika guda mai tsaronsa, nasa shi kaɗai. Ba ya barci, ba ya yaji, ba ya gajiya da halinka. Ta ƙara mana da abu biyu. In za ka zauna a tabarma, ka matsa ka bar masa wuri a damanka. In kuma wani naka yana cikin haɗari, kana iya aika masa naka ya taya nasa tsaro, in an gama ka kira shi ya dawo.

Wannan na biyun na ɗauke shi kamar shara da wanke-wanke. Kowace safiya in Bitrus zai shiga rami, sai in yi masa alamar gicciye a goshi, in ce nawa ya bi shi. Da yamma in ya fito, in yi wa mala'ikan sannu da aiki, in ce ya dawo gida. Bitrus mai ibada ne, ba ya kwanciya bai ja carbinsa na rosari ba, amma wannan al'adar tawa dariya take ba shi. Yakan ce, "Lusiya, ramin nan taku huɗu ne faɗinsa. Ga ni, ga diga, ga guga, ga nawa mala'ikan, ga kuma naki. A kan wa zan tsaya?" Shekara shida da aurenmu bai taɓa matsa wa kowa a tabarma ba. Don neman magana ma yakan baje ƙafafu ya cinye ta duka, ya ce in mala'ika ya gaji da tsayuwa ai yana da fiffike.

Inna Hajjo, tsohuwar Bafulatanar da ke maƙwabtaka da mu, ita ma ta sha yi mini tsiya. Ta ce su ma sun san masu tsaron nan, na gaba da na baya, malamai sun faɗa. Amma ba ta taɓa jin an aiki mala'ika kamar za a sayo daddawa ba sai a wurina. Nakan ce mata ai nawa ba ya ƙin aike.

Rijiyar ta kai gaba goma sha huɗu. An ɗaure samanta da siminti, ƙasa kuma an fara samun danshi, Bitrus ya ce saura kwana uku a ga ruwa. An kafa itace uku a bakinta da gargaren da igiya ke bi, an yi rumfar zana a kai saboda rana. Mutum biyu ke riƙe masa igiya, Sale da Manu. Su ke saukar da shi, su ke jawo gugan ƙasa, su ke fito da shi. Babu tsani a ciki. In ba igiya, ba fita.

Da hantsi na kai masa kokonsa bakin rijiyar. Ya shanye, ya goge baki, ya miƙo mini goshi yana murmushin nan nasa na tsokana. Na yi masa gicciyen. Na ce nawa ya bi shi. Na tsaya har hularsa ta ɓace a cikin duhu, sannan na koma gida.

Ranar kasuwa ce a wani gari kusa, mazan ƙauyen sun tafi tun sassafe. Sai mata da yara da tsofaffi. Shanu suna cikin shinge, don ba a sakin su sai raɓa ta bushe.

Walaha ta yi ina shanya wanki. Ina jin taɓarya uku suna daka a gidan Inna Hajjo, ina jin gargaren rijiya yana kuka. Karnuka suka fara haushi ta gabas. Taɓarya ɗaya ta tsaya, ta biyu ta tsaya. Ta ukun ta yi ta bugawa ita kaɗai, sannan ita ma ta yi shiru. Na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata tun ban ga komai ba.

Bindigar toka ta tashi sau ɗaya. Mahaya ne, sun fi goma, sun naɗe fuska da rawani, idanu kawai ake gani. Har yau ban san daga ina suka fito ba, ba kuma wanda ya taɓa gaya mini. Shanu suka zo kora.

"Kowa ya kwanta!"

"Buɗe shingen!"

Malam Jibo, mijin Inna Hajjo, tsoho ne wanda ko gani sosai ba ya yi. Ya tsaya a bakin shingen da sandarsa. Na ga takobi ya ɗaga. Ban tsaya ganin saukarsa ba. Na suri Monika, na goya ta a karkace, na bi ta bayan rumbuna zuwa rijiya.

Ba Sale, ba Manu. Takalmin Manu ɗaya yana nan a kife. Gargaren yana juyawa a hankali shi kaɗai, babu komai a kansa. Da suka ji bindiga suka saki igiyar suka ranta a na kare, ita kuma ta zare ta bi guga ta faɗa ciki duka. Na zage su shekara ɗaya ko biyu a kan wannan, daga baya na bari. Ni ma ai gudun na yi.

Na kwanta rub da ciki na leƙa. Duhu ne da sanyi da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can ƙasa na hango farin idonsa. Ya tambayi abin da ke faruwa, na gaya masa a gurguje. Na ce zan nemo wata igiya. Na duba rumfar, babu sai guntayen da ake ɗaure bakin buhu. Na kwance mayafina na zura masa, kamar mahaukaciya, mayafin da bai kai gaba biyu ba. Ihu yana ta matsowa. Bukkar farko ta kama, ina jin wuta tana cin ciyawa.

"Ɗauki yarinyar ki gudu!" Muryarsa ta fito kamar daga cikin tulu. "Lusiya, gudu na ce!"

Na ce masa, "Na bar maka nawa. Ba zan kira shi ba sai ka fito."

Wannan karon bai yi dariya ba. Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Ba a yanke dawa ba tukuna, ta fi mutum tsawo. Na faɗa gonar da ke yamma da rijiyar, na yi ta kutsawa, ganye yana yankar fuskata. Takalmina ya fita, ban waiwaya ba. Da numfashina ya ƙare na kwanta tsakanin kunya biyu, na sauko da Monika na rungume ta a ƙirji. Daga nan ina jin komai, ba na ganin komai. Kukan shanu ana kora su. Bindiga sau biyu. Wata mace tana kiran ɗanta, Buba, Buba, har muryarta ta dushe.

Rana ta take tsaka. Ba wanda ya kira sallar azahar, karo na farko tun zuwanmu ƙauyen. Na yi ta jan rosari da yatsu, don na baro carbina a bukka. Ko a can cikin kunyar na matsa na bar wuri a damana, sabo ne, ko da yake na san mai wurin yana rijiya. Ban taɓa jin gefen nan nawa ya yi sanyi irin na ran nan ba.

Bayan azahar kaɗan na ji kara yana karyewa. Doki ne guda ɗaya, yana tafiya a hankali. Ko maruƙan da suka ɓalle mahayin yake nema, ko mu, Allah ne masani. Ina jin ƙarar linzami. Ina jin hucin dokin. Mutumin yana sarar kara dama da hagu yana tsaki. Monika ta farka ta fara mutsu-mutsu. Na cusa mata nono, babu ruwa, tsoro ya ƙafar da shi. Ta saki, ta ja numfashi irin na mai shirin tsala kuka. Na rufe mata baki da tafin hannuna. Ta tsakanin kara na ga ƙafafun dokin, ɗaya fara ce har gwiwa. Tsakaninmu bai kai taku goma ba.

A nan na yi abin da na yi. Ko murya ban fitar ba, leɓena kawai ya motsa. Na ce wa mala'ikana, "Dawo. Bar shi ka dawo."

Shekaru da yawa ina gaya wa kaina don Monika na yi. Ƙarya ce, ko rabin ƙarya. Monika tana da nata mala'ikan, na sani sarai, ba abin da zai raba su. Ni ce ba ni da kowa a gefena. Ni ce ba na son takobin nan ya same ni a kwance kamar kabewa. Na ba mijina abu da safe, na yi masa alkawari a bakin rami, kafin la'asar na ƙwace abina, kyautar yara.

Wani ya yi fito daga nesa, sau biyu. Dokin ya tsaya. Farar ƙafar ta ɗaga, ta juya. Ƙarar karan ta yi ta nisa har ta ɓace. Na ɗauke hannuna daga bakin Monika, idanunta sun firfito amma tana numfashi. Gefena na dama ya yi ɗumi. Ku ce rana ce ta karkato ta nan, ba zan yi musu da ku ba.

Da na ɗaga kai na ga sabon hayaƙi, ba ta wajen gidaje ba, ta wajen rijiya. Baƙi ne, siriri, ya miƙe sama don babu iska. Rumfar zanar ce suka cinna wa wuta. Na yunƙura zan koma, sai na ji muryoyinsu a can. A filin rijiyar suke tattara shanun, ba su ko sauri. Na koma na kwanta na ciji hannuna.

La'asar sakaliya na fita ta ƙarshen gonar na faɗa wani busasshen rafi. Can na tarar da Inna Hajjo zaune a kan yashi, babu ɗankwali, tana riƙe da ƙwarya ba komai a ciki. Ba ta tambaye ni Bitrus ba, ban tambaye ta Malam Jibo ba. Ta karɓi Monika ta goya, ni kuma na kama hannunta. Hanyar Gadau ta bakin rijiyar ta bi, ba damar bin ta. Muka bi rafin muka nufi Azare, inda na san akwai hukuma, akwai kuma igiyar da za ta ɗauki mutum.

Ban mayar wa Bitrus da mala'ikan ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Dokin ya tafi, ba abin da ya hana ni in ce masa ya koma. Na ce bari mu fita daga rafin tukuna. Muka fita, na ce bari mu wuce kurmin can. Almuru ta yi muka isa wata ruga, suka ba mu nono da wurin kwanciya, na ce bari gari ya waye. Na riƙe shi kamar yadda yaro ke riƙe bakin zanen uwarsa a kasuwa.

Laraba da hantsi muka hango Azare. Na ji kukan jakuna, na ga mata suna ɗiban ruwa suna hira kamar ba abin da ya faru a duniya. Sai a nan na tsaya a gefen hanya na ce masa ya koma wurin Bitrus, ya yi sauri. Da kunya na faɗa, kaina a ƙasa. Gefena ya sake yin sanyi.

Muka kai rahoto. Aka haɗa mu da 'yan doka da sabuwar igiya. Sale ma ya ɓullo Azare da ƙafafu a kumbure. Ya kasa haɗa ido da ni, amma ya ce shi zai shiga ramin, ba wani ba. Inna Hajjo ta ce ba za ta koma ba, ta zauna wurin wata 'yarta ta riƙe mini Monika.

Alhamis da azahar muka isa. Rabin ƙauyen toka ne. Mazan da suka dawo daga kasuwa sun riga sun binne nasu. Sun ce sun leƙa rijiyar tun daren Talata, sun yi ta kira, ba amsa. Itacen ukun sun ƙone. Rumfar ta rufta, rabinta a bakin rijiyar, rabinta ta faɗa ciki tana ci. Aka gindaya sabon itace. Aka zura fitila don a gwada iska, ta mutu kafin ta kai ƙasa. Aka yi ta kaɗa reshe mai ganye a ciki, aka sake zurawa, ta mutu. A karo na uku ta rayu, sannan Sale ya ɗaura igiya a ƙugu.

Ya daɗe a ciki. Ba abin da nake ji sai kukan sabuwar igiya a jikin itace. Bitrus suka fara jawowa. Babu sara a jikinsa, babu ƙuna, babu riga. Hayaƙi ne ya cika ramin ya shaƙe shi. Ɗaya daga cikin 'yan dokan ya ce da wuya in ya kai la'asar ɗin Talata. Na san lokacin da na ga hayaƙin, na kuma san abin da na faɗa kafin in gan shi.

Mutanen ƙauyen suka haƙa masa kabari a gindin ɗinya, Allah ya saka musu. Babu Fada, ni na yi addu'ar da na iya, su kuma suka tsaya nesa kaɗan, hula a kai, har na gama.

Rana ta kusa faɗuwa Sale ya zo ya tsuguna gabana da rigar Bitrus a hannu. Ya ce, "Uwar Monika, akwai abin da na gani a ƙasa, ban gane kansa ba." Ya ce a zaune ya same shi, ya takure jikin bango ta hagu, gwiwoyi a ƙirji. Diga da guga da tulin igiya duk ya tattara ya jibga a kan ƙafafunsa. Damansa kuwa fili ne fetal, ya share wurin, ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a kai. "Kamar wanda ya yi baƙo," in ji Sale.

Na karɓi rigar. Toka ta rufe ta daga wuya har ƙasa, ba inda ta tsallake, ba alamar wani ya zauna a kanta.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban gaya wa Sale ba, ban gaya wa Inna Hajjo ba. Wata huɗu bayan haka Fada ya zo Azare, na durƙusa a bayan zana a zauren akawun nan na faɗi komai. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce da Hausarsa mai nauyi mala'ika ba akuya ba ce da za a kwance daga wannan turke a ɗaure a wancan. Ya ce Bitrus yana da nasa, wanda bai bar shi ba ko da ƙiftawar ido, shi ne kuma ya raka shi gaban Allah. Ya ce uwar da ta nemi taimako da jariri a hannu ba ta yi zunubi ba, in tashi in tafi lafiya.

Na yarda da Fada, wallahi na yarda. Sai dai shekara shida ina tare da Bitrus, bai taɓa matsa wa nasa ba ko da taki ɗaya. Nawa ya yi wa shimfiɗa, don na ce masa yana nan.

Mutum biyar aka rasa a Ɗinya Biyu ran nan. Malam Jibo, da Buba, da wasu mata biyu, da Bitrus. Shanun ba a sake ganin su ba. Rijiyar ba wanda ya yarda ya ƙarasa ta, aka cike ta da ƙasa, saura kwana uku a ga ruwa. Bayan damina biyu mutanen suka watse.

Na zauna a Azare na yi ta sayar da ƙosai har na aurar da Monika. Tun ranar Larabar nan da na aike shi a gefen hanya, ban sake ce masa ya dawo ba. Na ce ba zan kira shi ba sai Bitrus ya fito, kuma bai fito da ƙafarsa ba. Na yi ciwo, na yi tafiya, na tsufa, ban kira ba.

Har yau in zan zauna nakan matsa in bar wuri a damana. Jikokina sun san ba a zama a nan, ko da tabarmar ta cika. Suna tsammanin akwai mai zama a wurin.